Gurnanin Mai Batir

Litinin, 1 ga Satumba

Alƙali, shugaban zaurenmu na intanet, ya ba ni kujerar ƙarshe. A tarin waƙoƙin da Zauren Murya Huɗu ke fitarwa duk shekara, tawa ce za ta rufe taro. Saƙon ya shigo ina sa wa wani dattijo batir a agogo, saura kaɗan in sa masa shi a kife.

A nan zan rubuta, don babu wanda zan gaya wa ya gane. Maigida zai ce kukan sauron nan ne dai. Mai Caja da ke shagon jikin nawa kuma kafin la'asar ya gaya wa layi duka cewa na zama mawaƙiya.

Ba ƙaramin abu ba ne. Mu da ke zauren nan, kowa a ƙasarsa, ba wanda ya taɓa ganin wani, abin da ya haɗa mu kiɗa ne da tsofaffin na'urorin wasan yara. Tawa na tsince ta cikin buhun kayan gwanjo, ta hannu ce mai allo kore-kore, ina ce mata Tsohuwa. Murya huɗu gare ta kacal: biyu sirara masu tsiwa, ɗaya mai kauri, ɗaya kuma shuuu kamar rediyon da ya ɓace tasha, da ita ake yin ganga. Lambobi kake jerawa ɗaya bayan ɗaya har su zama waƙa, su zauna cikin kaset ɗin da ake zura mata ta baya.

Sai dai Alƙali ba ya ba da nama babu ƙashi. Ya ce ƙarshen wata za a rufe karɓa, kuma waƙa ta zo da hanjinta. Har ya ja layi a ƙarƙashin kalmar.

Laraba, 3 ga Satumba

Hanji. Haka suke kiran fayil ɗin da ke nuna duk lambobin da mutum ya jera. Al'adar zaure ce wai: in ka saka waƙa, ka saka cikinta a buɗe, kowa ya duba ya koya. Ni kuwa tun shigata sauti kawai nake sakawa, in ce wayar da ake jonawa a kwafe kaset ɗina tana hanya. Ta daɗe a hanya, baiwar Allah.

Waɗannan mutane ba su taɓa zaman kasuwa ba. Wa ke nuna wa maƙwabci inda yake saro kaya? Mahaifina da ya bar mini shagon nan ko ni ’yarsa sai da ya ga na yi hankali ya nuna mini mai kawo masa gilasan agogo.

Kuma na san abin da suke so. Gurnani. Muryar nan mai kauri da nake sa ta yi kamar maƙogwaron ƙato yana gyaran murya cikin rijiya. Duk zaure babu mai iya shi. Gurnanin Mai Batir suke ce masa, da sunana a jiki. In na buɗe hanji, mako guda kowane ɗan koyo zai riƙa gurnani, ni kuma in koma mai sayar da batir kawai.

Alhamis, 4 ga Satumba

Kunne ta sake yin wa'azi. Ita ce matar nan da ke jin lamba ɗaya ta karkace cikin waƙar mutum, ta zo ta gaya masa a bainar jama'a da "ina dai lura ne". Yau saƙonta ya yi tsawon zani. Na ga farkonsa, wani abu game da kula da tsofaffin kaset, na shafa sama na wuce. Ni za a koya wa kula da kaya.

Asabar, 6 ga Satumba

Na saka musu rabin farko na waƙar, sauti zalla, don su lasa. Zaure ya ɗauki zafi. Wani ya ce ya maimaita har matarsa ta kore shi waje. Alƙali ya yaba, sannan ya ƙara da "muna jiran hanji". Kunne ta ce ganga ta yi sauri kaɗan a shiga ta biyu, kuma har yanzu ta kasa gane yadda nake yin gurnanin, ta gwada hanya iri-iri.

Ki ci gaba da gwadawa, ’yar'uwa.

Rabi na biyu ba wanda ya ji. Can na ajiye abin da zai kwantar da su.

Lahadi, 7 ga Satumba

Ina wanke-wanke dabara ta zo mini. Hanji suke so, zan ba su hanji. In wayar ta iso, zan yi kwafi biyu. Na gaske ya zauna wurina. Wanda zan tura kuwa in sauya lambobin gurnani da wasu masu kama da su. Duk wanda ya buɗe zai ji abu kusa-kusa, ya ɗauka na'urarsa ce ba ta kai tawa ba. Ba ƙarya na yi ba, ragi na yi. Kowane ɗan kasuwa ya san bambancin.

Yau dai da gaske na yi odar wayar.

Maigida ya dawo daga doguwar tafiya, ya tarar ina danne-danne a kan tabarma. Ya ce shi fa a mota yana fama da ƙarar inji, a gida yana fama da sauro mai batir. Na ce ya sa gidan sauro a kunne. Ya ci abincinsa yana fito. Mutumin nan ba ya iya tauna shiru.

Talata, 9 ga Satumba

Kasuwa babu. Rimot ɗaya na sayar, sai wata da ta kawo agogon bango ta ce yana gudu, ashe ita ce ke makara.

Alhamis, 11 ga Satumba

Wani abu ya tsaya mini a rai. Da na kunna Tsohuwa da safe sai da ta yi jim kafin ta nuna waƙoƙina. Na san dalili. Cikin kaset akwai ɗan batir mai kamar kwabo, shi ke riƙe da duk abin da ka ajiye. Na cikin nawa kuwa tun zamanin wanda ya fara mallakarsa. Irinsa fal a durowata, sababbi a kati.

Gobe zan sauya shi. Mai batir ba za ta bari batir ya ci ta ba.

Juma'a, 12 ga Satumba

Babu komai. Allo wayam.

Asabar, 13 ga Satumba

Jiya ban iya rubutu ba. Bari in faɗa yadda aka yi, ko zuciyata ta sauka.

Na shimfiɗa farin ƙyalle a kan teburin gyara. Na kwance kaset, na ɗaga tsohon batir da hantsaki a hankali kamar mai cire ƙaya, na goge wurin, na sa sabo, na ɗaure. Aiki mai tsabta, ko mahaifina ba zai kushe ba. Har na tsaya ina yaba kaina. Na zura kaset, na kunna.

Tsohuwa ta gaishe ni kamar ba ta taɓa ganina ba. Babu waƙar rufe taro, babu waɗanda na yi a baya, babu gurnani.

Sai a lokacin kaina ya kawo abin da duk mai gyara ya sani. Batirin nan ba ya kunna komai, riƙo yake yi. Ka ɗaga shi ko na ƙiftawar ido, abin da yake riƙe ya zube. Ba agogo ba ne da za ka saita lokaci ka ci gaba. Tsohon da na cire ma na gwada shi, da sauran ransa. Da na bar shi da ya kai ni har wayar ta iso. Garin gyaran gira na rasa ido.

Na kashe na kunna, na hura kaset, na mayar da tsohon batirin kamar zai tuna. Mai Caja ya leƙo ya ce, "Yaya, lafiya kike magana da abin wasa?" Na ce ya koma shagonsa kafin in yi magana da shi.

Litinin, 15 ga Satumba

Wayar kwafe kaset ta iso yau. Na sa hannu na karɓa, na yi wa mai kawowa godiya. Me zan ce masa?

Daga baya shaiɗan ya sa na koma na nemo dogon saƙon Kunne na farkon wata. Can ƙasa, wajen da ban kai ba, ta rubuta da manyan baƙaƙe cewa kada kowa ya kuskura ya cire batirin kaset sai ya kwafe abin da ke ciki. Har da hoto. Har da kibiya a jikin hoton.

In mutum zai faɗi abu mai muhimmanci ya faɗe shi a sama mana. Wa ke ɓoye kaya mai kyau a ƙasan buhu?

To, ni.

Laraba, 17 ga Satumba

Na zauna sake ginawa. Rabin farko da sauƙi-sauƙi, tunda sautinsa yana zaure, ina saurare ina jerawa, ko da yake aikin kamar tsince shinkafa cikin yashi ne. Rabi na biyu kuwa ya bi iska. Ina tuna yadda yake sa ni ji, ban tuna yadda yake tafiya ba. In na kamo bakinsa sai ya rikiɗe ya koma wata waƙar da na yi bara.

Gurnani ya fi ba ni tsoro, kuma ga abin da ban taɓa gaya wa kowa ba: ban san yadda na yi shi ba. Ranar da ya fito, ina gyara muryar mai kauri ne, Mai Caja ya miƙo hannu ta kan kafaɗata zai ari sukundireba, ya bugi gwiwar hannuna. Yatsa ya zame, wata lamba ta sauya, sai ga ƙato yana gurnani cikin Tsohuwa. Ban taɓa komai ba daga nan. Kwafe shi nake yi daga waƙa zuwa waƙa kamar mai ɗibar wuta daga murhun maƙwabta. Ko kallon lambobin ban cika yi ba, don kada in ɓata.

Shi ya sa hanjin ke ba ni haushi. Ba satar kawai nake tsoro ba. Kunne za ta buɗe ta tambaye ni dalilin kowace lamba, in tsaya ina kame-kame.

Alhamis, 18 ga Satumba

Alƙali ya tambaya a zaure ina aka kwana. Na ce ana shafa mai. Ya ce madalla, ya tuna mini in ban kawo ba akwai wanda ke jiran kujerar. Ban tambayi ko wane ne ba. Na san mai dogon saƙo ce.

Na gwada lambobi har idona ya yi ja. Na samu kukan akuya, na samu injin niƙa, na samu wani abu kamar ciwon ciki. Ƙato bai dawo ba.

Asabar, 20 ga Satumba

Abin da ya faru yau, in wani ya ba ni labari sai in ce ya ƙara gishiri.

Da hantsi Maigida na wanke mota a ƙofar gida, ni ina shanya. Yana fito kamar kullum, fiton nan da nake cewa zai kira mana macizai. Ina matse riga sai na tsaya cak. Rabi na biyu ne. Daga hawan nan da ke biyo bayan ganga har saukar da na kasa kamowa, yana yi yana dirje taya.

Na ce, "Maimaita."

Ya ce me.

"Abin da kake yi da baki. A ina ka samo shi?"

Ya ce shi bai san yana yin komai ba. Da na matsa sai ya ce, "Ke wata guda kina zuba mini shi a kunne safe da yamma, ina kike so ya je? Har fasinja sun fara tambayata waƙar wace ce."

Na kawo waya zan ɗauki fiton, sai mutumin ya tashi da jan aji. Wai ai kukan sauro ne, me zan yi da kukan sauro. Wai leɓensa ya bushe. Sai da na haɗa masa shayi, na kira shi da sunan da rabon da in kira shi da shi tun muna sababbin aure, sannan ya jingina da mota ya yi shi tiryan-tiryan. A wuri ɗaya ya lanƙwasa shi ba yadda na yi ba. Na ce ba haka ba ne. Ya ce nasa ya fi daɗi.

Abin haushin, ya fi.

Lahadi, 21 ga Satumba

Lissafi bai fita ba. Ga karin waƙa a fiton Maigida, amma murya huɗu ce, kowace sai an jera mata nata daga farko, ga shago, ga gurnani babu. Ni kaɗai ba zan gama kafin ƙarshen wata ba ko da na rufe shago.

Hanya biyu ce. In ce wa Alƙali rashin lafiya ta kama ni, kujera ta tafi, asirina ya zauna a rufe, a ci gaba da cewa Mai Batir ta san wani abu. Ko in buɗe baki.

Na fara rubuta na rashin lafiyar. Na yi shi da kyau har na fara jin zazzaɓi. Maigida ya leƙa ya karanta, ya ce, "’Yar kasuwa, ranar wanka ba a ɓoyon cibi." Na ce wa ya tambaye shi. Ya ce ba wanda ya tambaye shi, amma shi bai yi fito a banza ba.

Na goge.

Litinin, 22 ga Satumba

Na rubuta musu gajere. Na cire batir ban kwafe ba, komai ya tafi, ga rabin farko da kuka ji, ga rabi na biyu a bakin maigidana. Na tura, na kife wayar a durowa, na shiga goge gilasan da ba su da datti.

Da na buɗe, na shirya wa dariya. An yi ta kuwa. Wani ya ce a sauya mini suna zuwa Marar Batir. Amma abin da ban zata ba, sai ga su suna ta fitowa ɗaya bayan ɗaya kamar masu zaman makoki, kowa da gawarsa. Wannan ya rasa aikin shekara biyu, wancan ɗansa ya jefa kaset a bokiti. Alƙali da kansa ya ce shi sau biyu ya yi irin tawa, na biyun ma bayan ya rubuta wa wasu gargaɗi. Ashe al'adar saka hanji daga nan ta samo asali. Ba tsarkin zuciya ba ne, tsoro ne. Abin da ke hannun mutum goma ba ya mutuwa da batir ɗaya. Da sun faɗa mini haka tun farko da harshen kasuwa, ai da na gane: ajiya ce a shagon maƙwabta.

Alƙali ya raba aiki nan take, murya ɗaya ga mutum ɗaya. Ni in ɗauki siririya ta farko mai jan waƙa, shi ta biyu, wani da ake kira Tsintsiya ya ɗauki ganga. Mai kauri kuwa, mai gurnani, ya ba Kunne.

Duk zauren nan a rasa wa za a ba sai ita.

Ba ta ce "ai na faɗa" ba. Na jira, na jira. Rashin faɗar ya fi faɗar ciwo.

Talata, 23 ga Satumba

Kunne ta same ni a gefe. Ta ce ta saurari gurnanin a hankalce har ta gane siffar muryar, amma akwai abin da ke kaɗa ta da sauri wanda ta kasa kamawa. In gaya mata lambar kawai.

Na yi ta zagaye. Na ce abin sai da yanayi. Na ce ya danganta da na'ura. Ta bar ni na gama tallata, sannan ta rubuto, "Ba ki sani ba, ko?"

Na ce ban sani ba. Na ba ta labarin Mai Caja da sukundireba, na jira ta kai zaure a yi biki.

Sai ta hau tambaya kamar ɗan sanda. A wane layi nake lokacin? Me nake niyyar sauyawa? Daga nawa zuwa nawa? Da wane hannu na riƙe Tsohuwa? Ta wane ɓangare ya buge ni? Na ce baiwar Allah, hatsarin mota ake bincike? Ta ce in amsa dai.

Na tuna ina kan saurin kaɗawa ne, ina so in ƙara ɗaya tak. A Tsohuwa in ka danna dama, lamba ta ƙaru da ɗaya. In ka danna sama, ta yi tsalle babba. Mai Caja ta hagu ya zo, daga baya, ya tura gwiwata gaba. Kunne ta ce to yatsana bai tafi dama ba, sama ya tafi, wataƙila ma sau biyu. Babu mai hankalin da zai kai lambar can da gangan, shi ya sa duk gwajinta ba ta leƙa wurin ba.

Na ce na gode da "mai hankali".

Laraba, 24 ga Satumba

Ta turo gwaji uku. Na farko akuya. Na biyu akuya mai mura. Na uku na sa a kunne ina tsaye a bakin shago, sai ƙato ya gyara murya cikin rijiya.

Na zauna a kan kujerar kwastoma. Mai Caja ya ce ko an yi rasuwa ne. Na ce a'a, dawowa aka yi. Na ba shi sukundireban nan kyauta, ya tafi yana juya shi yana kallona kamar na taɓu.

Na rubuta wa Kunne cewa shi ne. Ta amsa da cewa ta lura gangar shiga ta biyu har yanzu tana sauri. Mutum ba ya sauya hali.

Juma'a, 26 ga Satumba

Aiki da mutane azaba ne. Tsintsiya yana barci lokacin da nake farke, yana farke lokacin da nake barci, kuma ya cusa wata ’yar ganga da ba ni na sa ba, wai ta roƙe shi. Alƙali komai sai an yi shawara. Kunne ta ce a bar lanƙwasar Maigida yadda ya yi ta, kada in gyara. Aka ƙada ƙuri'a a kan waƙata, ni mai ita na sha kaye.

Maigida kuwa tunda ya ji haka ba a zaune lafiya. Yana tambaya ko mutanensa sun yi magana. Mutanensa.

Ba waƙar da na rasa ba ce wannan. Ta yi kama da ita kamar yadda ɗiya ke kama da uwa. Wani wurin na fi son tsohuwar. Wani wurin kuma, to.

Lahadi, 28 ga Satumba

Mun haɗa muryoyi huɗu, na zuba a Tsohuwa ta wayar nan da ta zo a makare, na saurara daga farko har ƙarshe. Sannan na kwafe. Na sake kwafewa.

Da zan tura wa Alƙali, dabarar nan ta ragi ta leƙo. Na yi dariya ni kaɗai. Me zan ɓoye, wa zan ɓoye wa? Matar da ta tono lambar da hannunta? Na tura hanji cikakke.

Wurin suna na rubuta Mai Batir, Kunne, Alƙali, Tsintsiya. Maigida na tsaye a kaina yana tari. Na ƙara Direba.

Talata, 30 ga Satumba

Tarin waƙoƙin ya fita, tamu ce ta rufe. Tun kafin dare abin da na faɗa ya faru: zaure duk ya koma rijiya, kowa gurnani. Wata sabuwar shiga ma ta ɗauke shi ta rage masa sauri ta sa shi kuka a maimakon gurnani. Ba ta nemi izini ba. Na buɗe hanjinta don in ga ɓarnar da ta yi. Na ɗan kwafi wani abu daga ciki, tunda a buɗe yake.

Har yanzu dai gurnanin Mai Batir suke ce masa. Kunne ce ta rubuta bayaninsa a zaure, ta sa sunan haka, ba ta ambaci gwiwar hannu ba. Ni na ƙara da kaina a ƙasa, don kada Mai Caja ya ji a wani wuri ya ce na cinye masa haƙƙi.

Na fara wata sabuwa da rana. Ko rabi ba ta kai ba na saka ta a zaure da hanjinta. Ajiya ce kawai, kada wani ya ɗauka wani abu ne.

Kunne ta amsa da saƙo mai tsawon zani biyu. Na karanta har ƙasa. Kasuwa ce babu.